Likitan Iyali: Darasin da Annobar Korona Ta Bar wa Kano

Duk lokacin da muka tambayi ɗaliban ajin kimiyya irin likitan da suke son zama, amsar takan kasance likitan tiyata, ko na zuciya, ko na ƙwaƙwalwa. Da wuya mu ji wanda ya ce likitan iyali. Alhali kuwa shi ne likitan da yawancin marasa lafiya ke fara zama a gabansa, kuma a lokacin annoba, abin da ya gano ko ya kasa ganowa a wannan zaman na farko yana iya ceton gida guda ko ya jefa shi cikin haɗari.

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya a Gyadi-Gyadi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, likitocin iyali ne ke kula da sashen duba marasa lafiya na yau da kullum, wanda aka fi sani da GOPD. An kafa asibitin a 1988, kuma yana cikin wuraren da ake horar da ƙwararru a wannan fanni. Likitan iyali yana duba jariri da tsoho, mace da namiji, mai zazzaɓi da mai hawan jini. Yana warkar da abin da zai iya, ya tura sauran wurin ƙwararren da ya dace. Yana kuma tambayar su wa ke zaune a gidan mara lafiya, da abin da suke ci, da inda suke samun ruwa.

Shekarar 2020 ta nuna amfanin wannan aiki. Tun a watan Janairu zazzaɓin Lassa ya yi ajalin likitoci biyu na wannan asibiti. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, a Legas, sannan ranar 11 ga Afrilu ta ɓulla a Kano. Kafin watan ya ƙare, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa jihar dokar kulle ta mako biyu. A daidai lokacin ne aka yi ta samun mace-macen dattawa a cikin birni, ga zafi, ga azumi ya kama.

A watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon binciken da aka yi: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye, waɗanda Tarauni ke cikinsu. Ya ce mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna da alaƙa da korona, yawancin mamatan sun haura shekara 65, kuma fiye da rabinsu a gida suka cika.

Me ya sa mutane suka mutu a gida? Wasu asibitoci masu zaman kansu sun rufe ko sun rage karɓar marasa lafiya saboda ƙarancin kayan kariya. Mutane kuma sun ji tsoron zuwa asibiti kada a killace su. Hawan jini da ciwon suga da asma kuwa ba su tsaya jiran annoba ta wuce ba. Dattijon da maganinsa ya ƙare, ya rasa likitan da zai duba shi, shi ne korona ta fi saurin kayarwa.

Wannan ya sa aka mai da hankali wajen ƙara wa likitoci da ma'aikatan lafiya na matakin farko ƙwarewa. Hukumar NCDC ta buɗe kwas kyauta ta intanet a 2020 kan kare kai da hana yaɗuwar cuta a asibiti, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi irin haka. Abubuwa huɗu ne likitan farko ya fi bukata a irin wannan hali.

Na farko, tantancewa tun daga ƙofa, wato ware mai tari da zazzaɓi daga layin masu ciki da tsofaffi. Na biyu, bambance cututtuka masu kama da juna. Zazzaɓin cizon sauro da taifod da Lassa da korona duk suna iya farawa da zafin jiki da ciwon kai, don haka sai an yi tambayoyi an kuma yi gwaji. Gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini: mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, idan ya faɗi ƙasa da 90 kuwa sai a gaggauta kai shi babban asibiti. Na uku, ci gaba da kula da masu tsofaffin cututtuka, ko da ta waya ne, tare da ba su maganin da zai kai su tsawon lokaci. Na huɗu, iya magana da iyali. A gidan da mutum goma ke cin tuwo tare, cewa “ka keɓe kanka” bai isa ba, sai likita ya zauna da su sun tsara wanda zai yi jinya da ɗakin da ya fi samun iska.

Wannan ƙwarewa ta sake amfani lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙarshen 2022 zuwa 2023, Kano ce kuma ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, galibinsu yara. Likitan da ya leƙa maƙogwaron yaro da wuri, ya tambayi katin rigakafinsa da na ƙannensa, ya tare cutar kafin ta zagaye gidan.

Mu ma muna da rawar takawa. Mu san sunan maganin da kakanninmu ke sha, mu tuna musu ranar komawa asibiti. Idan zazzaɓi ya ƙi sauka bayan an sha maganin kemis, mu matsa a je a ga likita. Idan an je, a gaya masa gaskiya game da tafiyar da aka yi da wanda ya kwanta ciwo a gida, domin mai ɓoye ciwonsa shi ke wahalar da mai magani.

Ga mai sha'awar wannan aiki, hanyar tana farawa ne daga aji: kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, sai shekara shida a jami'a kamar ta Bayero, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan hidimar ƙasa, daga nan horon ƙwarewa na wasu shekaru. Ranar 19 ga Mayu ta kowace shekara ita ce Ranar Likitan Iyali ta Duniya. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta makarantarku za ta iya gayyatar likita guda a wannan rana, ku shirya masa tambayoyinku tun yanzu.