Saƙon ƙone kara: ina gaskiya, ina ƙarya?

Tun da aka gama yankan hatsi wani saƙon murya ke yawo a wayoyin mutanen Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, sai rantsuwa da roƙon a tura wa kowa. Abu huɗu ya zo da su. Uku ba su cancanci dogon zance ba, na huɗun ne zai iya raba mutum da rumbunsa, ya kuma haɗa shi faɗa da maƙwabci.

Na farko, wai an yi sabuwar doka, duk matar da ta hura murhu a tsakar gida ba takarda za ta biya tarar jika hamsin. Ƙarya ce. Babu takardar da ake nema don dafa tuwo ko shayi, kuma wanda ya zo ƙofarki da wannan magana kuɗinki yake so.

Na biyu, wai tauraron ɗan'adam na ganin kowace wuta. Yana ganin gobarar da ta ci fili mai faɗi, kuma masana na amfani da hotunansa wajen bin sawun gobarar daji a Sahel. Garwashin gasa masara bai dame shi ba.

Na uku, wai in ka ba mai gari ɗan goro zai rubuta maka izinin cinna wa daji wuta. Wannan cin mutuncin masu gari ne kawai. Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004, ta hana gobarar daji. Wutar da ake sa wa daji don gyara shi aikin jami'an gandun daji ne, da lokacinta da sharuɗɗanta.

Sai na huɗu, wanda ya fi shiga kunnen mutane domin an lulluɓe shi da ɗan abin da ya yi kama da gaskiya. Ya ce kowane manomi ya ƙone karan gonarsa yanzu, kafin a saki gonaki dabbobi su shigo: toka taki ce, wuta na kashe ƙwari da ƙuduji, kuma gonarka taka ce, doka ba ta shiga cikinta.

Mu fara da toka. Gaskiya ne akwai ɗan abincin shuka a cikinta, shi ya sa gurbin da aka ƙone tarin sassabe kan yi kore shar da ruwan farko. Wanda ya ga haka da idonsa ya yarda da saƙon, ba wawa ba ne. Amma sinadarin naitirojin, wanda manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun takin zamani, yawancinsa yana bin hayaƙi ya tafi. Abin da zai ruɓe ya riƙe ruwa a ƙasa shi ma ya tafi. Tokar da ta rage kuwa, in an ƙone ta a watan Nuwamba ko Disamba, wata biyar ko shida za ta yi a fili iskar hunturu na kwasarta kafin ɗigon ruwa ya sauka. Jigawarmu rairayi ce, tun asali ba ta da ƙarfi. Gwaje-gwajen da cibiyar ICRISAT ta yi a Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa barin karan hatsi a shimfiɗe a gona yana ƙara amfani. Dalilin kowa na iya duba shi a gonarsa. Ka ɗaga karan da ya kwana wata biyu a ƙasa, za ka ga ƙura mai laushi ta taru a gefensa, gara ta lulluɓe shi da laka ta huda ramuka a ƙarƙashi. Ƙurar nan iska ce ta kawo maka ita kyauta, ramukan nan kuma ta cikinsu ruwan sama zai shiga maimakon ya gudu.

Batun ƙwari yana da gaskiya guda ɗaya. Tsutsar da ke huda karan hatsi takan yi rani a cikin busasshen kara, don haka a gonar da ta yi ɓarna sosai akan ba da shawarar a tsince karan da ta shiga a babbake shi. Wannan aiki ne na tari ɗaya a wuri ɗaya, bisa shawarar malamin gona. Tsutsar da ke cin zangarniya kuwa, wadda ta fi sa manomi kuka, cikin ƙasa take sauka ta kwanta har damina ta dawo. Wutar kara da ke wucewa a guje ba ta kai mata. Ƙuduji ma haka: irinsa na iya shekara goma ko fiye a ƙasa yana jira, kuma ya fi son gonar da ta gaji. Mai ƙone kara kowace shekara gonarsa yake ƙara gajiyarwa, wato ƙudujin yake yi wa shimfiɗa.

Akwai kuma itace. A gonakinmu na Dallol Mauri, sabara, kalgo, goriba da ƙananan gawo na tsirowa daga kututture. Su ne jarin sassaben zamani, dabarar da ta bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980, ta mayar da itace a kan fili mai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, har gwamnati ta fitar da dokar tsara ta a 2020. Tsiron gawo ɗan shekara biyu ba ya jure wuta. Gawo kuma yana cikin itatuwan da doka ta kare, ko da a tsakiyar gonarka yake. Nan kaɗai maganar "doka ba ta shiga gona" ta rushe.

Inda saƙon ya fi muni shi ne zancen iyaka. Wuta ba ta san turken da ya raba gonarka da ta wani ba. A wannan lokaci karangiya da komayya sun bushe ƙayau, harawar wake na kan itace, dammunan hatsi ba su gama shiga rumbu ba, iska kuma na juyawa ba sallama. Da zarar wutar ta tsallaka, sunanta ya canza: ta zama gobarar daji ko ɓarnar dukiyar wani, kuma wanda ya kunna ta shi zai amsa, ko da gangan ya yi ko da sakaci. Za a fara zama gaban mai gari ko fadar Samna, sarkin Tibiri, don sulhu, in bai yiwu ba a wuce kotu. A can babu wanda zai saurari "ai a waya na ji".

Ban kuma ji daɗin yadda mai saƙon ya sako makiyaya a ciki ba. Manomin da aka taɓa yi wa ɓarna yana da hujjar jin haushi, kuma akwai hanyar bin haƙƙinsa. Hukuma ce ke tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara, dokar kiwo ta 2010 ta tsara zirga-zirgar dabbobi, akwai kuma kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma. Shanun da suka ci kara bayan an saki gonaki kashinsu suke bari a wurin, shi ya sa iyayenmu ke ba makiyayi hatsi don ya kafa ruga a gonarsu. Mai buƙatar karansa ya kwashe ya adana, zai yi masa darni, ya ciyar da tumakinsa, ko ya sayar da shi da daraja idan bazara ta matsa. Ƙone shi don kada wani ya ci hasara ce biyu, ga kuma gaba da aka shuka.

Abin da ya kamata a ji tsoro a cikin gida, mai saƙon bai ko ambata ba: ƙona bola kusa da zana, da zubar da toka mai sauran garwashi a gindin darni. Ba mu manta da gobarar azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda kowace ta ci ran yara ashirin ko fiye. Waɗannan ba daga gona suka tashi ba, amma sun nuna mana cewa busasshiyar ciyawa ba ta ba mutum lokacin ɗebo ruwa. Hayaƙin leda kuma yana cutar da ƙirjin yara da tsofaffi, ledar da tun 2014 doka ta hana shigo da ita da sayar da ita.

Wanda dole sai ya ƙone tarin ƙaya lokacin sassabe, ya tara shi ƙanana nesa da itace, ya share kewayensa har ƙasa ta fito, ya zaɓi sassafe ko yamma da iska ta kwanta, ya gaya wa maƙwabtan gona, kada ya bar wa yara, kada kuma ya tafi sai ya binne garwashin ƙarshe. In fili ne babba ko yana kusa da makiyaya, ya fara zuwa ofishin gandun daji ya tambaya. In an ce ka biya tara, ka nemi takardar shaidar biya.

In saƙon ya sake zuwa wayarka, kada ka tura. Ka tambayi wanda ya aiko maka lambar dokar da ranar da aka sa mata hannu, ka kuma tambaye shi ko zai biya rumbun maƙwabcinka idan wutar ta tsallaka.