Siminti Biyu a Kasuwar Hannun Jari: Dangote da BUA

Fatake masu bin hanyar Jibiya, su ƙetare Magama su nufi Maraɗi, sun san simintin Dangote da na BUA a buhu. Amma kamfanonin nan biyu suna da wata kasuwa dabam a Ikko, inda ake sayar da hannun jarinsu, watau mutum ya sayi ɗan yanki na kamfani, in an ci riba a ba shi rabonsa gwargwadon abin da ya zuba.

Masu su duka Kanawa ne, Alhaji Aliko Ɗangote da Alhaji Abdussamad Isyaku Rabi'u. Na Ɗangote ya shiga kasuwar a 2010. Na BUA bai shiga ba sai Janairun 2020, bayan an haɗe tsohon kamfanin siminti na Sakkwato da na Obu, aka buɗe cinikinsa a kan naira 35.

Shekarar 2024 ita ce ta gwada su. A ƙarshen 2023 hannun jarin Dangote yana wajen naira 320, na BUA kuwa 97. Da Janairu ya kama, sai labari ya bazu cewa attajirin nan Femi Otedola yana sayen na Dangote. Nan da nan kasuwa ta ɗauka, kuɗinsa ya hau har 763, na BUA ya bi shi zuwa 185. Dalili kuwa, galibin jarin kamfanonin yana hannun masu su, abin da ya rage wa jama'a kaɗan ne, in masaya suka yi yawa sai ya yi tsada, kamar gero a kasuwar ƙauye da bazara. Kafin shekara ta fita na Dangote ya sauko wajen 479, na BUA ya koma 93. Wanda ya sayi na BUA a kan ganiyar tashinsa, rabin dukiyarsa ya tafi.

Arahar na BUA tana ruɗin wanda bai yi lissafi ba, gama an yanka shi gunduwa-gunduwa ne, wajen biliyan 34, ninki biyu na yawan na Dangote. A ribar 2023 Dangote ya raba naira 30 ga kowane hannu, BUA naira 2. Ashe wanda ya zuba naira dubu 100 a ƙarshen 2023 ya karɓi fiye da dubu 9 a wajen Dangote, a wajen BUA kuwa dubu 2 da 'yan kai. Faɗuwar naira ta danne ribar BUA a shekarar, shi kuwa Dangote yana da masana'antu a Habasha da Sanagal da Kamaru, masu kawo masa kuɗin waje.

To, amma ɗan kasuwar Jibiya da kuɗi biyu yake lissafi, naira da sefa. An rufe masa iyaka a 2019 har 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A cikin 2024 ɗin dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 900 zuwa fiye da 1,500, sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai. Saboda haka wanda jarinsa na Dangote ya ƙaru da rabi, in ya kai nairar wurin 'yan canji don ya sari kaya a Maraɗi, sai ya tarar ƙarin ya narke. Mai riƙe da na BUA kuwa, hasararsa ta zama biyu.