Jiragen Haya a Tsibiran Kuroshiya: Riba a Sama, Ɓarna a Ƙasan Ruwa

Kowace Asabar daga Yuni zuwa Satumba, tashoshin ƙananan jiragen ruwa na garuruwan Split da Trogir da Šibenik a Kuroshiya kan cika maƙil. Baƙin makon jiya na kwashe komatsansu, ma'aikata na wanke daɓe, sababbin zuwa kuma na tura amalanken cefane zuwa bakin jirgi. Kafin magariba sun ɗaga filafilai sun nufi tsibirai, sai wata Asabar. Wannan haya ta mako-mako ce ta sa Kuroshiya cikin manyan kasuwannin hayar jiragen ruwa masu filafilai na duniya.

Tushen abin baiwa ce daga Allah. Ƙasar na da tsibirai da duwatsun teku sama da 1,000, jere kusa da juna a gefen tekun Adriyatik, suna tare wa matuƙi igiyar ruwa. Iskar da suke kira maestral takan taso da rana ta kwanta da yamma, ga lungunan kwana birjik. Sauran aikin mutane ne. Tun 1983 aka kafa kamfanin tashoshi na ACI. Yaƙin da aka yi a ƙasar daga 1991 zuwa 1995 ya tsayar da komai cik, sannan shiga Tarayyar Turai a 2013 da karɓar kuɗin yuro a 2023 suka sauƙaƙa wa baƙo hanya. Na'urar GPS da hasashen yanayi a waya kuwa sun cire tsoro daga zuciyar ɗan koyo. Wanda bai iya komai ba ma sai ya ɗauki hayar matuƙi.

Tsibiran da ƙaura ta kwashe wa matasa sun samu sa'ida. Tsibirin Vis, wanda sojan Yugoslabiya ya rufe wa baƙi har 1989, yau kwarjininsa a wajen matuƙa sai wanda ya gani. Sai dai kakar gajera ce, kuma kaso mai tsoka na kuɗin yana tsayawa ne a hannun kamfanonin haya na babban tudu.

Babbar asarar tana inda ido ba ya kaiwa. Lungun da matuƙi ke so, mai ruwa garau, marar zurfi, marar iska, nan ne ciyawar teku da ake kira posidoniya ke shimfiɗe. Ita ce makwancin ƙananan kifi, ita ke riƙe yashin gaɓa, kuma a shekara ba ta ƙara tsawon da ya wuce 'yan santimita. Anka ta faɗa cikinta, iska ta juya da dare, sarƙa ta yi ta share ƙasa kamar tsintsiya. Da safe a jawo ƙarfen da saiwoyi manne a baki. Tabon dare ɗaya kan ɗauki shekaru bai rufe ba, balle a ce jirage da dama ne kullum.

Tsibiran Baleyar na Sifaniya sun haramta jefa anka a kan ciyawar tun 2018. A Kuroshiya an fi dogaro da kafaffun maɗaurai masu yawo a kan ruwa, waɗanda ake biya a ɗaura jirgi. Dabarar na da kyau, amma a ganina rabin magani ce, domin an mai da ita sana'a kafin a mai da ita kariya. Kuɗin kwana ya yi tsada, sai mai tsimi ya zarce lungu na gaba da ba mai karɓar ko sisi, ya saki ankarsa a can.