Yadda Ake Tafiyar da Ƙungiyar Kiɗan Gargajiya

 

Yau zancenmu a kan kiɗa ne. Wani zai ce: ina ruwan kiɗa da karatu? To, ku saurara har ƙarshe, za ku ga inda suka gamu.

A wani gari inda na taɓa koyarwa, samari sun haɗa kai sun kafa ƙungiya don kada kiɗan garinsu ya ɓace. Akwai wani tsoho mai goge wanda ya san waƙoƙin kakanni, shi suke so su koya wurinsa. Da kaka ta yi suka shirya wasa, mutane suka cika fili, kuɗi suka shigo. Amma ba wanda ya rubuta ko dala guda. Da gari ya waye aka zo lissafi, wannan ya ce kaza ne, wancan ya ce ba haka ba ne. Aka yi ta zargin juna har ƙungiya ta watse. Kafin damana ta kewayo tsohon nan ya rasu, ba a ɗauki muryarsa ba, ba a rubuta waƙarsa ko ɗaya ba. Ni ma ina da laifi, don ina garin, na iya rubutu, ban ce musu su sayi kaye ba. Shi ya sa na zo muku da wannan bayani.

Abin da muka gada

Haɗa kai don wasa da aikin gayya tsohon abu ne a ƙasarmu. Tun da can kowane gari yana da samariyarsa da sarkin samarinsa. Bayan 1974 gwamnatin Seyni Kunce ta tayar da samariya cikin ƙasa duka. A 1975 aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, makaɗan ƴan kokowa suka sami babban fili. A 1976 aka yi bukin samarin ƙasa na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa kewaya manyan garuruwan jihohi, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1987 aka buɗe gasar kiɗan zamani da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa. A 1989 aka kafa cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasa.

Waccan samariya ta gwamnati ta wuce tun zamanin taron ƙasa na 1991. Yau wanda yake son kiɗan garinsu ya rayu, shi da ƴan uwansa za su tashi, ba albashi, ba mai aiko musu da kamyo.

Ga abin koyi. Buduma na tabkin Cadi suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya 5, mai kamar kwalekwale, ana ce masa biram. Ya kusa ɓacewa, saura tsoho guda, Bukar Tar, wanda ya iya shi sosai. Malam Mamman Barka, malamin lakwal ne kuma makaɗin gurumi, ya tafi ya zauna wurinsa ya koya. Malam Mamman Barka ya rasu a 2018, amma ya bar kiɗan biram a faifai, duniya ta ji shi. Da bai tafi ba, da biram ya bi mai shi.

Kafa ƙungiya

Kada ku fara da neman kuɗi. Ku fara da mutane. Ku je ku gai da mai gari ko sarki, ku shaida masa niyyarku. Ku je wurin sarkin makaɗa da tsofaffin zabiyoyi, don su ne masu abin. Ƙungiyar da ta tsallake su ba za ta yi nisa ba.

Sa'an nan a kira taro a zaɓi shugabanni a gaban kowa:

Shugaba, mai haƙuri wanda ake jin maganarsa.
Magatakarda, wanda ya iya karatu da rubutu.
Ma'aji, mai amana wanda ya iya lissafi.
Mai kula da kaya.
Masu binciken asusu mutum 2, waɗanda ba dangin ma'aji ba.

A sa mata cikin shugabanni. Kiɗan ƙwarya da shantu da waƙoƙin daka da na reno a hannunsu suke, namiji ba zai shiga gida ya tattaro su ba.

A rubuta dokokin ƙungiya da harshen da kowa ke ji, a karanta su da ƙarfi. Dokokin su faɗi manufar ƙungiya, ranar taro, kuɗin da kowa zai zuba, shekara nawa shugabanni za su yi, da abin da za a yi wa wanda ya ci amana. Tun 1984 ƙasarmu ta fitar da dokar da ta tsara sha'anin ƙungiyoyi. Saboda haka ku kai takardunku meri, a gwada muku hanyar samun yardar hukuma. Ƙungiya mai takarda ita ke iya buɗe asusu da sunanta, ita ke iya neman fili a gidan samari da al'adu.

Kaye uku

Ƙungiya tana bukatar kaye 3, kada a haɗa su.

Na farko, kayen mutane: sunan kowa, ranar shigarsa, abin da ya iya, da abin da aka yanke a kowane taro.

Na biyu, kayen kuɗi. A raba kowane shafi gida 5: rana, dalili, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage.

Na uku, kayen waƙoƙi da kaya. A nan ake rubuta sunan waƙa, wanda ya yi ta, wurin wa ya koye ta, da lokacin da ake yin ta: noma ne, aure ne, farauta ce, ko naɗin sarauta. In kun ɗauki muryar tsoho da salula, ku nemi yardarsa tukuna, ku rubuta rana da wuri, ku ajiye muryar wuri 2, don salula tana ɓata, tana lalacewa.

Lissafin kuɗi

A nan ne yawancin ƙungiyoyi ke faɗuwa, sai ku kasa kunne da kyau.

Da baki muna ƙirga da dala, amma a jikin kuɗi tamma aka rubuta. Dala guda tamma 5 ce. Ƙarfen da aka rubuta wa 100 shi ne dala 20. Takardar da aka rubuta wa 1000 ita ce jika guda, wato dala 200. In ma'aji ya rubuta da dala yau, gobe ya rubuta da tamma, lissafi ya rikice ke nan ko da bai ci ko sisi ba. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai. Shawarata ku rubuta lambar da ke jikin kuɗin.

Ga misali. Ƙungiya tana da mutum 30, kowa yana zuba dala 20 a mako. A kaye za a rubuta 100 sau 30, ya zama 3000, wato jika 3. In an yi mako 40 ana zubi, an tara jika 120. Wannan ya isa a sake fatar ganguna, a ɗinka riguna, a fara shirin wasa ba tare da an roƙi kowa ba.

Dokoki 3 ne ke tsare asusu. Kuɗi ba su fita sai da hannun mutum 2, shugaba da ma'aji. Duk abin da aka saya a karɓo takardar shaida. Kowane ƙarshen wata a karanta kaye a gaban taro, a ƙirga abin da ke cikin akwati kowa na gani. Ma'aji na kirki ba ya fushi da bincike, don bincike ne ke wanke shi.

Sai batun kari. Makaɗi na gado da kyautar da ake ba shi yake ci da iyalinsa. Ku ƴan sa kai ne, shi sana'arsa ce. Don haka tun kafin a buga ganga a yi magana a fili: abin da aka ba makaɗi a hannunsa ko aka liƙa masa nasa ne da ƴan amshinsa, kuɗin ƙofa kuwa na ƙungiya ne. In an yarda da wani rabo dabam, a rubuta, kowa ya sa hannu. Tun ran gini ran zane.

Shirya ranar wasa

Ku zaɓi lokaci da hankali. Da damana kowa yana gona, ga ruwa yana kashe fatar ganga. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an yanke hatsi an kai rumbu, mutane sun huta, aljihu da ɗan nauyi. Kada ku sa wasa cikin azumi, ko ranar da ake zaman makoki a unguwa. A tsara shiri yadda za a tsaya lokacin salla, a kuma tashi da wuri don maƙwabta da masu rashin lafiya.

Wata guda kafin rana, a rubuta takardar neman izini a kai wa hukuma, a faɗi rana da wuri da lokacin tashi. Tsaron jama'a a hannun hukuma yake, abin da suka ce a bi. Ku kuma sani tun 1995 akwai ofishin BNDA mai kare haƙƙin mawaƙa da marubuta. In wasanku na shiga da kuɗi ne, ku nemi bayaninsu tun da wuri.

A raba aiki, kowa da nasa a rubuce: masu share fili, masu tabarmi da kujeru, masu ruwan sha, masu ƙofa, masu tarbon baƙi, mai lasifika da injin wuta. A ware wurin mata da yara, a bar hanyar fita a buɗe. Masu ƙofa su zama 2, ɗaya na karɓar kuɗi, ɗaya na yanke tike mai lamba. Da an tashi, a ƙirga tike a ƙirga kuɗi a daren nan, kada a kwana.

Ga wani misali. Tike dala 40 ne, wato 200, mutum 250 suka shiga. An sami 50 000, jika 50 ke nan. An biya lasifika da injin wuta jika 15, motar baƙi jika 10, abinci jika 8, kujeru jika 5. Duka jika 38. Saura jika 12 a asusu. In kun yi wannan lissafi tun kafin wasa kuka ga ba zai fita ba, ku rage buri. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wurin jera makaɗa, a fara da yara masu koyo, don iyayensu su gani tun ba a yi dare ba. Tsofaffi kada a bar su har sanyi ya sauka. A gaya wa kowa tsawon lokacinsa. Mai gabatarwa ya faɗi sunan kowane kiɗa da masu shi: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Da haka wasa ya zama makaranta. Kakaki da tambari kuwa na sarauta ne, ba a fito da su sai da yardar sarki.

Abu guda ku yi wa makaɗa kashedi a kai: ba zambo, ba batsa, ba zagin wani gari ko wata ƙabila. Fili na kowa ne. Waƙa guda ta habaici tana iya rushe aikin shekara.

Bukin shekara

In ƙungiya ta yi ƙananan wasanni sau da yawa lafiya, sai ta yi tunanin buki na kwana 2 ko 3 da garuruwan maƙwabta. Abin da ya fi wuya a nan shi ne baƙi: masauki, abinci, da kuɗin komawa gida. Kada a gayyaci wanda ba a iya sallama. A raba baƙi gida gida yadda iyayenmu suka saba.

In za a yi gasa, alƙalai su fito daga garuruwa dabam dabam, a faɗi abin da za su duba tun farko. Da hantsi kuwa a zaunar da tsofaffi ƙarƙashin itace su gwada wa yara yadda ake rufe ƙwaryar goge da fata, yadda ake ɗaura masa izgar doki, yadda ake jan tsirkiyar kalangu har ya yi magana. Wannan zama na hantsi ba ya kawo ko dala, amma dominsa aka kafa ƙungiya.

Bayan buki da mako guda a kira taro. A karanta lissafi, a biya bashi, a mayar da kayan aro, a je a yi godiya ga duk wanda ya taimaka. Kayan kiɗa a rataye su wuri mai iska, nesa da laima da gara da ɓera. Kowane shugaba kuma ya ɗauki yaro guda yana koya masa aikinsa, don ranar da ya tafi ci rani kada kaye ya tafi tare da shi.

Tambayoyi don tattaunawa a makarantarku

1. Wane kiɗa ne ake yi a garinku da, wanda yanzu ba a jin sa? Wa ya rage da ya iya shi?
2. Mutum 25 suna zuba dala 10 kowane mako. Nawa za a rubuta a kaye bayan mako 4?
3. Don me ake son masu binciken asusu su zama ba dangin ma'aji ba?

Ku tattauna da malaminku, ku rubuta amsa da hannunku. Wanda yake da tsoho mai waƙa a gidansu, kada ya jira a kafa ƙungiya: ya ɗauki kaye da alƙalami ya je ya zauna wurinsa cikin wannan mako.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.