Sabbin ma'aikatan jinya: yadda za ku rubuta takardar neman aiki

'Yan'uwa, cikinku akwai waɗanda suka gama karatun jinya, sai yaƙin Afrilu 2023 ya raba su da shahadarsu a Hartum. Wannan bai hana rubuta sira zatiya ba, wato tarihin karatu da aiki.

Shafi ɗaya ya isa: suna kamar yadda yake a katin shaida, lambar waya, makaranta da shekarar gamawa. Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya rubuta "ban taɓa aiki ba". Horon asibiti ai aiki ne. Ku faɗi sashen, na haihuwa ko na yara, da watannin da kuka yi. Mai jin Hausa da Larabci ya rubuta.

In shahada ta ɓata, ku faɗi gaskiya, kada ku ƙirƙiri lambar rajista. Kwafi ake miƙawa, asalin takarda ya zauna hannunku. Wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ku aiki, a nan Ƙala'at an-Nahal ko a Gadarif, ku sanar da ofishin kariya.