Kafin a Fitar da Tumunin Takaba

Da wuya ka ji magada suna jayayya a gaban alƙali kan ko matar mamaci tana da tumuni ko ba ta da shi. Wannan an gama da shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176: mata na da ɗaya bisa takwas idan mijin ya bar 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan bai bari ba, ɗa namiji kuma yana ɗaukar ninkin rabon 'ya mace. Abin da ke riƙe shari'ar gado shekara da shekaru, har 'yan uba su daina gaisawa, tambaya ce ta daban: me mamacin ya bari, kuma wanne ne nasa? Wanda ya san amsar an riga an kai shi makwancinsa. Shi ya sa nake ganin rubuta wasiyya ya hau kan duk mai ɗan abin hannu, komai ƙanƙantarsa.

Dubi yadda ɗan kasuwa ke tafiyar da harkarsa a Kantin Kwari. Ya ba wani dilolin atamfa sai ya sayar ya kawo kuɗi, ya karɓi ajiyar wata tsohuwa ya zuba cikin jari, shagon da sunan ƙaninsa aka kama, filin da ya saya da kuɗin matarsa kuwa takardar na ɗauke da sunansa. Duk wannan a kansa yake, sai ɗan abin da ke cikin wayar da babu wanda ya san lambar buɗe ta. Ranar da ya faɗi, wanda ake bi bashi zai yi shiru, tsohuwar ba ta da shaida, matar kuma za a lissafa filinta cikin gado a ba ta tumuni daga abin da yake nata ne gaba ɗaya. Alƙali bai yi zalunci ba, da abin da aka gabatar masa ya yi hukunci.

Mutane da yawa kan ce Allah ya riga ya raba, me ya rage a rubuta? Amma ayoyin gadon da kansu sun nanata cewa rabo yana zuwa ne bayan an fitar da wasiyya da bashi, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Shari'a ta bar wa mutum sulusin dukiyarsa ya yi wasiyya da shi, iyakar da Annabi (SAW) ya sa wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas ke nan, da sharaɗin kada a ba mai gado sai in sauran magada sun yarda. Wannan sulusin shi ne kaɗai hanyar da jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa zai sami wani abu daga abin da kakan ya bari alhali baffanninsa suna raye. Masar ta ga nauyin lamarin har ta mai da irin wannan wasiyya dole a dokarta ta 1946. A nan Najeriya kuwa sai in kakan ya tuna. Haka agola, da ɗan riƙo, da yaron shagon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa maigida hidima.

Akwai masu gudun takarda don suna ganin wasiyyar lauya hanya ce ta kauce wa shari'a, kuma tsoron nasu yana da tushe. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta zartar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Sai dai daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara sun yi nasu dokokin da suka ɗaure wasiyyar Musulmi da shari'ar Musulunci. Maganin wannan tsoro shi ne mutum ya fara da bayyana cewa shi Musulmi ne, a raba dukiyarsa bisa shari'a, sannan ya nuna wa malamin da ya san fara'ili, wato ilimin rabon gado, abin da ya rubuta.

Wani kuma zai ce ai ya sa sunan babban ɗansa a fom ɗin banki. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne, ba ya mai da shi mai kuɗin. Dokar fansho ta 2014 ma ta ce ba a sakin kuɗin mamaci sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiya. Haka batun kyauta: a Malikiyya, uban da ya ce ya ba baligar 'yarsa gida amma bai damƙa mata ta yi hauzi ba, wato ta karɓe shi a hannunta, har ya rasu, gidan ya koma cikin gado. Mai son barin rijiya ko makaranta a matsayin hubusi, wato waƙafi, shi ma gara ya fitar da ita daga hannunsa tun yana da lafiya, domin abin da aka bayar a ciwon ajali daga sulusi ake lissafa shi.

Aikin bai fi na zama ɗaya ba. Ka rubuta abin da ka mallaka da inda takardunsa suke, wanda kake bi da wanda ke bin ka, ajiyar mutane, sauran sadaki in akwai, da wanda ka amince ya zama wasiyyin marayunka. Rubutu kaɗai ba ya isa, ka kira adilai biyu su shaida, ka sa kwanan wata, ka kuma faɗa wa iyalinka inda ka ajiye takardar.