Saran Shuka a Fuskar Kwamfuta

Ƙwayar jijiya a cikin ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ne da ɗan tartsatsin lantarki, wanda tsawonsa wajen kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne. Ta saki, ta yi shiru, ta sake saki. Edgar Adrian na jami'ar Kambirij a Ingila ya nuna a shekarun 1920 cewa girman tartsatsin ba ya canzawa, saƙon yana cikin yawansa da tazarar da ke tsakani. Shi ya sa masu bincike suka zaɓi zane mai sauƙi: kowace ƙwaya a ba ta layinta, lokaci na tafiya daga hagu zuwa dama, duk sanda ta yi tartsatsi a ɗiga mata alama.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar gero a Zurmi ko Shinkafi washegarin ruwan shuka ya san kamannin wannan zane. Maza sun jera, kowa da layinsa da sunguminsa, suna tafe suna sara. Wani saransa kusa-kusa, wani da tazara. Idan ka hango gurabe sun daidaita a layuka da yawa, ka san a nan hannuwa suka sauka tare. Irin wannan daidaituwa mai bincike yake nema, domin ƙwayoyin da ke tartsatsi lokaci guda galibi aiki guda suke yi.

A 1959, lokacin da David Hubel da Torsten Wiesel suke nazarin gani a ƙwaƙwalwar kyanwa, ƙwaya ɗaya suke bi, suna jin ƙarar tartsatsinta ta lasifika. A 2017 aka fito da Neuropixels, siririyar allura mai tsawon santimita ɗaya da cibiyar imec ta ƙasar Beljiyam ke ƙerawa. Idan aka soka ta a ƙwaƙwalwar dabba, tana saurare ta hanyoyi 384 a lokaci guda, kowace hanya ana auna ta sau 30,000 a sakan. Wajen megabait 23 ke nan kowane sakan, daga allura ɗaya tak.

A nan ne mai rubuta manhajar da za ta nuna zanen kai-tsaye yake haɗuwa da wahala. Fuskar kwamfuta ta yau da kullum tana sabunta hoto sau 60 a sakan, ke nan kana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na sakan ka gama zanenka. A ce ƙwayoyi 400 ne, kowace na tartsatsi sau 10 a sakan, kana nuna sakan 10 da suka wuce. Alamomi 40,000 ke nan. Sabon shiga yakan share komai ya sake zana su ɗaya bayan ɗaya a kowane hoto, alhali sababbin da suka shigo ba su kai 70 ba. Kamar mai sungumi ne da duk saran da zai yi sai ya koma bakin gona ya sake sare guraben da ya wuce. Rana za ta take, laima ta gudu, bai kai tsakiyar layi ba.

Manomi na gari gabansa yake kallo. Manhaja mai kyau ma tana riƙe hoton da ta riga ta zana, ta ƙara siririn yankin da ya shigo yanzu. In kuwa dole ne a sake zana komai, ba a miƙa alamomin ɗai-ɗai. A tara su a jeri guda a ba na'urar zane ta cikin kwamfutar, wato GPU, ta watsa su a bugu ɗaya. Wannan ne ya sa masu rubuta manhaja da harshen Python sukan bar kayan zane na Matplotlib, mai kyau wajen hoton da za a buga a takarda, su koma PyQtGraph ko VisPy idan aikin na kai-tsaye ne. Akwai kuma lissafin da ake yawan mantawa: fuska mai faɗin ɗigo 1,920 da ke nuna sakan 10, kowane ɗigo na ɗauke da wajen kashi 5 cikin dubu na sakan. Tartsatsi biyu na ƙwaya ɗaya a wannan tazara gurbi ɗaya za su faɗa, sara na biyu asarar ƙarfi ne.

Abin da na fi so a gani shi ne rabon aiki. Mai sara yana gaba, mai ƙwaryar iri tana baya tana zubawa tana takewa da diddige. Ba ya tsayawa jiranta, in ta yi jinkiri gurabe suna nan za ta tarar. Haka ake raba manhaja: sashe ɗaya na karɓar bayanai yana ajiyewa, wani na ɗiba yana zanawa. Idan kwamfuta ta gaji, a tsallake hoto ɗaya ko biyu, ido ba zai lura ba. Amma tartsatsin da ba a adana ba ya tafi ke nan, kuma dabbar da aka yi wa tiyata domin gwajin ta sha wuya a banza. A ganina wannan kaɗai ya isa a ɗauki saurin zanen da muhimmanci: mai bincike na buƙatar ya gani nan take ko allurar ta shiga inda ake so, tun kafin a ɓata awanni.

Ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ba sai yana da allura ko ɓera zai gwada hannunsa ba. Cibiyar Allen da ke Siyatil a Amurka ta saki bayanan Neuropixels na ɓeraye kyauta a 2019, manhajar Open Ephys ta karɓar irin waɗannan bayanai kuma kowa na iya buɗe cikinta ya karanta yadda aka gina ta. Ya sauke ƙaramin yanki na bayanan, ya sa shi ya riƙa shigowa sakan bayan sakan kamar daga allura yake fitowa, ya auna hoto nawa kwamfutarsa ke fitarwa kafin gyara da bayan gyara.